Hancin Baba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
20 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fatima da yara, ya kuma tsare ku a Fatakwal ɗin nan taku da ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya, Hasana kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Ka san gidanmu, ko tari aka yi a ɗaki sai an ji a zaure, maganar kuwa ta Baba ce.

Yaya, Baba ya daina jin wari. Na fara lura ne ranar da tuwo ya ƙone mini ƙurmus, hayaƙi har maƙwabta, shi kuwa yana zaune dab da murhu yana jan carbi bai ko ɗago ba. Makon jiya kuma ya yi wa Inna faɗa wai ta daina sa masa turaren wuta a kaya, alhali rigar da ke jikinsa ƙamshi take kamar ɗakin amarya. Inna ta yi dariya, ta ce tsufa ne. Ni kam gabana ne ya faɗi, don na tuna inda yake aiki.

Kai da ka gudu daga kamfanin ƙanƙarar nan na Tarauni tun kana sakandare, bari in tuna maka karatun da Baba ya yi ta yi mana. Yakan ce su ba sanyi suke yi ba, zafi suke kwashewa daga ruwa su kai shi waje, kuma iskar amoniya ce 'yar dakon. Kwampresa ke matse ta har ta yi zafin da ba a taɓa bututunta, ya tura ta saman rufi wurin kondensa, inda ruwa da fanka ke huce ta ta koma ruwa-ruwa, ta taru a tanki. Daga nan sai ta bi ta wani ɗan bawul mai ƙaramar ƙofa, tana fita ta saki jiki ta yi sanyi ƙarara, ta zagaya bututun da ke cikin kwamin ruwan gishiri inda aka jera gwangwanayen ƙanƙara. Can take ɗaukar zafinsu, ta koma wurin kwampresa, a sake sabon zagaye. Yakan kuma ce muddin tana cikin bututu baiwar Allah ce, amma in ta fito da yawa takan rufe wa mutum ido da maƙogwaro kafin ya kai ƙofa. Alherinta ɗaya, tana da wari, tana sallama kafin ta shigo.

To, shekara talatin da ɗaya hancin Baba ne ke amsa wannan sallama. Kowace safiya yakan bi bututu yana sansanawa, ya nuna gaɓar da za a ɗaure. Har gobe a Tarauni Malam Garba mai hanci ake ce masa. Mista Obiechina, wanda suke aikin injin tare, ya taɓa ba Alhajin kamfanin shawarar a sa na'urar da ke ƙara in gas ya fita, Alhaji ya ce me zai yi da ita alhali ga Malam. A gaban Baba ya faɗa, kuma Baba ya fi wata yana maimaita maganar a gida.

Ranar Litinin na kai masa abincin rana. Ina sa ƙafa a ɗakin injin idona ya ciko da hawaye, wani abu ya soke ni a hanci ta wajen tankin nan. Mista Obiechina ya ce mini a gefe ruwan bohol ya sa kondensa ta yi gansakuka, ba ta hucewa da kyau a zafin nan, allurar agogon injin kullum sai ƙara hawa take yi, kuma gaɓoɓin bututun tsofaffi ne. Ya ce shi ma yana jin ɗan wari, amma tunda Malam bai ce komai ba, wane shi. Muna tsaye Alhaji ya shigo ya tambayi Baba lafiyar injin, don yana so a tayar da kwampresa na biyu saboda ƙanƙarar azumi. Baba ya ja numfashi mai tsawo, ya ce iska garau take. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya tambaye ni ko na ji wani abu. Yaya, Allah ya yafe mini, cewa na yi ban ji ba. Na kasa kunyata mahaifina a gaban mutane.

Da Alhaji ya fita, na nuna tankin da ido. Baba ya ɗauki sifana ya nufi wurin. Washegari na sayo farar wuta, irin wadda yake cewa in an kunna ta kusa da inda ke yoyo sai farin hayaƙi ya tashi, na sa masa a aljihu. Na tarar da ita a kan taga. Amma tun ranar ya ce ni kaɗai zan riƙa kai masa abinci, kuma har cikin ɗakin injin. Ina shiga sai ya tsura wa fuskata ido. Ya sani, Yaya. Hancina yake ara, kuma tsoro nake ji ƙwarai, don sau biyu ke nan ina nuna masa wuri.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi, ko ka zo da kanka, ka lallashe shi ya gaya wa Alhaji da bakinsa kafin a tayar da injin na biyu. In kuwa ba ka yi ba, ni zan faɗa, ko da ba zai ƙara kallona ba.

Ka gai da Anti Fatima, da Anas da Bilkisu. Inna da Hasana suna gaishe ku. Kada ka ajiye takardar nan sai ka sami sarari, Yaya. Azumi saura kwana tara ko goma, kuma da azumi ba a kai abincin rana.

Ƙanwarka,
Sa'adatu