Ƙafar da Yake Kaɗawa

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya gwiwar Inna? Ni lafiya lau. Mutanen gidan da nake aiki suna da kirki. Ɗakina dai ba taga, amma kwana kawai nake yi a ciki.

Na ji Kawu zai cire ɗana, Sarkin Motsi, daga makaranta, wai malami ya ce ba ya zama, ba ya ji, bulala ma ta gaji. Ki roƙar mini shi ya dakata.

Yarinyar da nake raino a nan haka take. Na raka uwarta wurin likita, ya ce ba taurin kai ba ne, hankalin irin waɗannan yara ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ana taimaka musu. Ina tsaye riƙe da jakarta hawaye suka zubo mini. Na ce mura ce.

Ki kai shi asibiti. Kafin nan, aike ɗaya za ki riƙa ba shi, kina kallon idonsa. Karatu kuwa a tafe yake shigarsa. Marigayi ubansa yakan zagaya tsakar gida da shi suna bita, yana cewa, "Ku bar shi, motarsa sai da turi take tashi."

Kin ce ko abinci yake ci sai ya kaɗa ƙafa, kina tsawata masa. Don Allah ki ƙyale masa wannan. Haka ubansa yakan yi har shayi ya zube. Ina so in dawo in tarar da ƙafar nan tana motsi.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki