Ƙorafin Masuntan Maikoma a Kan Sare Kurmin Giyayya

Zuwa ga: Mai Girma Di'o, Haɗeja, ta hannun Hakimi.
Daga: Isa ɗan Yakubu, Sarkin Ruwan Maikoma.
Ranar 6 ga Oktoba, 1947.

Game da: sare kurmin bakin kogi domin shuka itacen Ingila, da abin da ya biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina gabatar da kukan masunta da manoman shinkafa na Maikoma, waɗanda suka ɗora mini nauyin yin magana.

1. A watan Nuwamba na 1945 Malam Haladu, malamin daji, ya iso garinmu tare da wani Bature mai nazarin itatuwa. Sun zo da buhun 'ya'yan wani itace, kowane kamar ƙaramin ƙwallon kaɗanya sanye da hula. Malam Haladu ya ce sunansa ok, a ƙasar Turawa da shi ake sassaƙa jiragen ruwa, kuma yakan ga jika da tattaɓa-kunnen wanda ya shuka shi. Ya ce Baturen yana so ya gwada ne: in ko ɗaya ya jure zafin ƙasarmu, 'ya'yansa za su gaji juriyar, a samu irin da ya dace da mu. Ba mu yi musu ba, domin ba mu san itacen ba.

2. Wurin da aka zaɓa shi ne kurminmu na giyayya da kanya da ke gaɓar kogi, gabas da maƙabarta. Na roƙa a duba wani fili a tudu. Aka ce itacen yana son laima. Kafin watan Janairu ya ƙare an kwantar da rabin kurmin, da gatarinmu da hannuwanmu.

3. Duk ranin waccan shekarar matanmu da samarinmu suka yi ta jigilar ruwa da tulu. Irin ya tsiro, gaskiya ne, har mun yi murna. Da bazara ta kama sai ganyen ya ƙone, gara ta shiga saiwa. Ɗan abin da ya rage kuma ambaliyar damina ta shanye shi. Giyayya takan tsaya cikin ruwa har wuya wata da watanni ta fito lafiya. Wannan baƙon bai iya ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

4. Amma an ga laifin Shu'ibu, masuncin da aka sa gadin shukar ba da son ransa ba. An ce ya bar awaki sun shiga. Ina shaida a gaban Allah ba akuyar da ta shiga, domin ni na taya shi kafa shingen ƙaya. Tun ranar 20 ga Agusta, 1946, aka karɓe kwalekwalensa, yana nan kife a ƙofar gidan Malam Haladu rana tana tsaga shi. Mutum mai iyali ya koma bin jirgin wasu.

5. A cikin saiwoyin giyayya tarwaɗa da karfasa suke zuba ƙwai idan ruwa ya hau. Bana masunci yakan wuni yana jan koma ya dawo da abin da bai isa miya ba. Ruwa kuma, da ya rasa abin da zai rage masa gudu, ya kwashe shinkafar fadamar arewa tun ba ta yi ciki ba.

6. Ranar 29 ga Agusta na bana gaɓar ta zaftare, ta tafi da gefen maƙabarta. Muka shiga ruwa muna tsamo abin da za a iya tsamowa, muka sake suturtawa a tudu. Tsohuwa Gumsu ta wuni a bakin kogi tana nuna mana inda mijinta yake, wurin kuwa ya riga ya zama ruwa. Cikin kaburburan da suka tafi har da na 'yata Hajo, wadda ba ta cika shekara a ƙasa ba. Ba mu same ta ba. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, na faɗa ne don takardar ta cika.

7. Yanzu Malam Haladu ya sanar da mu cewa an aiko da wani iri, ɗan'uwan na farko, daga wata ƙasa mai ɗan zafi, kuma a watan gobe za a sare sauran kurmin. Bayan wannan kurmin babu komai sai gidajenmu.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma, cikin ƙanƙan da kai, ya dakatar da saran kafin watan Nuwamba ya kama. A mayar wa Shu'ibu kwalekwalensa. A ba mu izini mu dasa giyayya a gaɓar da aka share, mu za mu yi aikin, ba ma neman komai. In gwajin ya zama dole, ga filina na tudu na bayar, a yi a can.

Muna kuma roƙon Mai Girma ya zo da kansa tun ruwa bai gama janyewa ba, ya tsaya a gaɓar ya duba ƙasa.

Allah ya ja zamaninka.

Ni ne mai biyayya,
Isa ɗan Yakubu, Sarkin Ruwan Maikoma.
Na ɗora babban yatsana a gaban dattawan gari.