Layi Uku a Ƙasan Takardar Auta

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta dawo daga ɗakin gwajin jinin da take aiki da takardar auna aikin shekara. Shugabanta ya rubuta cewa ita ta musanya kwalaben marasa lafiya biyu. Ranar kuwa ba ta je aiki ba, hutunta ne, ni ta kai wajen likitan ido. A ƙasa akwai gida biyu da Turanci, na amincewa da na ƙin amincewa, sai layi uku na dalili. Mako guda aka ba ta. Idan ta amince, ƙarin girma ya wuce ta.

Ta ce, “Baba, kai ne Baturen gidan nan. In na zaɓi disagree, na ce masa maƙaryaci ke nan?”

Na ce a'a. Ma'anarsa, ban ga abin yadda ka gan shi ba. Ana faɗinsa ga rahoto biyu da suka saɓa, har ga abincin da bai karɓi ciki ba. Ta ce to shugaban nan bai karɓi cikinta ba. Ban yi dariya ba. Na ce ta amince, ta zauna lafiya.

Talata, 4 ga Maris

Ta gaishe ni daga bakin ƙofa. Ko shigowa ba ta yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Me yaran yanzu suka sani? Ni da na zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshe. Kalmar nan ta disagree na taɓa furta wa daraktanmu a gaban mutum goma sha biyu, washegari aka mayar da ni ɗakin tsofaffin fayil. Shekara goma sha tara ina shaƙar ƙura. Waɗanda ba su iya haɗa jimla ba, su ake buɗe wa ƙofar mota.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙanwata ta zo. Na ba ta labari don ta ja wa Auta kunne, sai ta juyo kaina. “Yaya, tsakani da Allah, ranar ka faɗa wa daraktan dalilinka, ko Turancin ne ya yi maka daɗi a baki?” Bakinta bai da ƙofa tun tana yarinya.

Dalili ina da shi. Yana cikin jakata ranar. Ban dai fito da shi ba. Na tsaya kallon fuskokin mutane.

Lahadi, 9 ga Maris

Na duba aljihun tebur, neman wani abu daban. Sai ga katin likitan ido, da kwanan wata, da sa hannun Auta a gurbin mai rakiya. Na ajiye kusa da kofin shayinta.

Ta zo da takardar. Jimlarta ta farko duk zafi, na sa ta soke. Na ce ki saɓa wa maganar, ki bar mutumin. Kwanan wata, jadawalin aiki, kati. Layi biyu suka ishe ta.

Litinin, 10 ga Maris

Ta miƙa wa shugaban. Ya karanta sau biyu, in ji ta, ya ce zai nemi jadawalin. Shi ke nan.

Har yanzu ban ce ta yi dabara ba. Alƙalamina ne dai ta tafi da shi, tsohon, na ofis. Ban tambaye ta ba, ta riƙe.