Ƙarfen da Ka Haɗa Bai San Zafin Daura Ba

Zuwa ga autana Habu, a ƙasar sanyi.

Bayan sallama irin ta Musulunci da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a sa inda jama'a za su gani, domin a gaban jama'a ka sa aka kunyata ni.

Ka tuna zuwanka da sanyin bara. Ka zauna a zaure ka fito da ɗan ƙarfe, bai kai tsawon yatsa ba, ka sa shi tsakanin maganaɗisu biyu. Da idona na ga ya miƙe, ka juya shi ya koma. Tun ina yaro nake dukan ƙarfe a maƙera, ban taɓa ganin wanda ya motsa babu wuta babu guduma ba. Ka ce ka bar mini shi tsaraba.

To, na cika baki. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwar Mai'adua. Da bazara ta yi, maƙeran Baure suka zo gaisuwa, na tara su a rumfar kwano, dab da wuta, rana tsaka. Na sa shi yadda ka nuna mini. Shiru. Na juya, na sake juyawa, gumi na zuba. Ƙarfe ya kwanta kamar gawa. Ɗanlami, wanda ubansa ya koyi zuga a hannuna, shi ne ya ce wai Baba ko sai an yi masa kirari.

Da na kira ka a waya, dariya ka yi. Dariya, Habu! Ka ce ƙarfe uku ne aka narke wuri guda, kuma yawan kowanne shi ke yanke zafin da cikinsa zai sauya zubi. Ƙasa da wannan zafi yana jin maganaɗisu, sama da shi ya ƙi. Ka ce in an ƙara ɗaya kaɗan, kamar gishiri a miya, an rage ɗaya, iyakar sai ta hau sama. Na gane sarai. Abin da ban gane ba, tunda a hannunka awon yake, don me ka auna shi da sanyin garin mutane, ka kawo wa ubanka? A ina aka yanke cibiyarka? Ka manta yadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa a nan?

Wai ka ce in tsoma shi a randa ya huce in sake kiran maƙeran. Ba zan yi ba. Su ce tsoho ya koma rufa-ido?

Kai abin wasa ka ɗauke shi. To ka ji. An kira ni shaidar iyakar gona a garin Babban Mutum, gonar da nake tsaye aka dasa gamjinta. Ina cikin magana wani ya ce a bar shaidar mutumin da ƙarfensa ke miƙa. Aka yi dariya, aka nemi wani. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da takarda. Abin da nake da shi ke nan, in na ce an yi, a yarda an yi.

Ban ce aikinka ƙarya ba ne. Ni na gani. Ranar nan a zaure, da ka sunkuya kana gyara shi, wuyanka irin na mahaifiyarka ne sak, Allah ya jiƙanta, sai da na kau da kai.

Ka koma ka sake awo. Ka haɗa wanda zai yi aiki a rumfar kwano da rana tsaka, kuma kada ka aiko, ka kawo da ƙafarka, ka tsaya kusa da ni. Ka yi sauri, idona ya fara hazo, ina so in ga fuskar Ɗanlami.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka daga wuta, ya kawo ka kafin wata bazarar ta wuce.

Ubanka, wanda har yanzu bai huce ba.