Turken da Na Kafa a Bayan Kabarin Kakana

Assalamu alaikum Hajiya Juwairiyya.

Don girman Allah ki taimake ni. Kakata na neman mutuwa ina kallo, kuma bakina ne ya jawo. Ni mutumen wani ƙauye ne a bakin gulbi, ƙasar Bungudu. Ba ni faɗin sunan garin, don ko awakin garin sun san ni, kuma ba da alheri ba. Allo na yi, boko ban taka ba, rubutun ga ma a waya na koye shi, in ya karkace ki yi haƙuri.

Ni tsokana ce sana'ata tun ina yaro, amma duk garin ba ni da abokiyar wasa kamar Inna Tambaya, uwar babana. Kin dai san wasan jika da kaka. Sunan kakana anka sa mani, don haka ni ne mijinta. Ba ta taɓa faɗin sunan ba, kamar yadda ba ta faɗe shi ba lokacin da mai shi na raye, sai dai ta ce Maigida. In na shiga gidan sai in tambayi tuwona, in ce wace irin mata ce wagga, ba haƙori ba ladabi. Ita ko ta ce mijin da ko goro bai taɓa kawowa ba, ƙafafu kamar na zalɓe, ta ɗauko muciya ta bi ni har zaure. Kakana kuwa, Allah ya jiƙan shi, ɓarawon matata nake kiran shi. Ko bayan ya rasu ban daina ba, ita ma ba ta so in daina.

To, an daɗe ana zancen gwamnati za ta tare gulbinmu da wani katafaren dam, wai a samu wutar lantarki har a kai wasu jihohi. Mun ɗauka zancen kamfen ne. Sai bana bayan girbi ga masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku, suna neman matasa masu ƙarfi. Na shiga. Aikinmu mu haƙa rami, mu kafa turken siminti, mu shafa mishi jan fenti a kai. Shugaban awon, Malam Luka, mutumen kirki, Hausarshi ta fi tawa, shi ya bayyana muna cewa duk abin da ke tsakanin turke da gulbi ruwa zai cinye shi. Ranar da munka kai bayan gari, na'ura ta nuna wani wuri a saman maƙabarta. Ni na haƙa ramin, ni na shafa fentin. Maƙabartar duka ta faɗa ɓangaren da ruwa zai ci, har da kakana.

Da na dawo gida, fenti bai ko bushe a hannuna ba, na iske Inna tana ɓarar gyaɗa. Ban yi tunanin komai ba, wallahi. Na ce mata albishirinki, ɓarawon matata zai koma kifi, in ruwa ya zo ni zan kamo shi da fatsa ki yi muna miya. Na ja da baya ina jiran muciya. Ba ta tashi ba. Ta dubi hannuna, ta tambayi wa ya kafa turken. Na ce ni ne. Sai ta ce sannu da aiki, ta kira sunan. Sunan da ban taɓa jin shi a bakinta ba tun da anka haife ni.

Hajiya, tun ranar nan Inna ba ta sake wasa da ni ba. Koko sai ta kurɓa ta ture. Wuni take zaune wajen dangar bayan gida, inda ake hango jan kan turken. Ta raba kajinta ga jikoki. Ta fiddo likkafaninta daga ƙasan akwati ta shanya ta linke. Gwaggona Hussaina ta zo daga Damba, can Gusau, don ta tafi da ita, Inna ta ce mata ba inda za ta, roƙon Allah take ya ɗauki ranta kafin ruwan ya zo, a kwantar da ita kusa da Malam, wato kakana, in ya so ruwan ya ci su tare. Abin ya ƙara lalacewa da manya sunka zo daga Abuja duba aikin, da jiniya da sojoji, rediyo ya ce sun umarci ɗan kwangila ya gaggauta. Tun da ta ji haka ko fura ba ta sha. Hannunta ya koma kamar kara.

Na gwada duk dabarata. Na ɗaura ɗankwalinta na shiga ina rawa, yara na faɗuwa don dariya, ita ko ta ce Allah ya yi albarka, kamar wanda ya zo gaisuwa daga wani gari. Na fi son ta zage ni. Ga wani direba ɗan Tsafe ya ce muna wai inda anka yi irin wanga aiki ƙasusuwan mutane sunka yi ta yawo a kan ruwa. Ban san ko gaskiya ne ba, ƙila shi ma irina ne, amma maganar ta ƙi fita kaina.

Ga abin da na shirya. Ranar kasuwar Bungudu, in gari ya watse, ni da abokina Lukuman mu tumɓuke turken, mu kafa shi ƙasa da maƙabarta wajen gulbi, in zo in ce mata masu awo sun sake awo, Malam ya tsira. Da idonta za ta gani daga danga. Lukuman na tsoron kurkuku, wai kayan gwamnati ne. Ni ma ina tsoro, amma na fi tsoron in haƙa ma Inna rami da hannun da na haƙa na turke. Babana ya san ni na kafa, bai san maganar kifin ba.

In tumɓuke ko in bari? In aje aikin? Ki gaya mani gaskiya, ko da zagi ne.

Naki,
Mijin Tsohuwa

Wa'alaikumus salam, Mijin Tsohuwa.

Ba zan zage ka ba, ka riga ni. Amma kada ka taɓa turken nan. Ruwa bai san turke ba, inda aka auna zai kai nan zai kai, ko ka kafa shi a tsakiyar gulbi. Kuma masu zuwa ƙidayar gidaje da gonaki da kaburburan da za a tasa, alamun nan suke bi. Wannan jan kan da kakarka ke kallo da baƙin ciki, shi ne shaidar cewa maƙabartarku na cikin abin da dole a yi wa tanadi. Idan ka matsar da shi, za ka iya sa a tsallake kakanka da sauran mamatan garinku, abin da kake tsoro ya tabbata da hannunka. Ranar da Inna ta gane kuwa, ba za ta ƙara yarda da maganarka ba, alhali yanzu ne take bukatar wanda za ta yarda da shi.

Wasan da ka yi ya yi nauyi, babu shakka. Ana wasa da kaka a kan haƙori da tuwo, ba a kan makwancin mijinta ba. Sai dai ba kai ka kawo dam ba, da ba ka kafa turken ba wani zai kafa. Aiki irin wannan yana da amfani ga jama'a masu yawa, yana kuma da ciwo ga waɗanda za a tasa, duka biyun gaskiya ne. Abin da ke cin kakarka shi ne babu wanda ya zauna ya gaya mata yadda za a yi da Malam. Daga bakinka ta ji kifi, daga rediyo ta ji gaggawa.

Ka fara da mahaifinka, ka gaya masa komai har maganar kifin. Ku je wurin limaminku. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma na sha jin malamai suna cewa idan ruwa zai ci kabari, ya halatta a mayar da mamaci wani wuri cikin mutunci. Idan liman ya tabbatar, shi da kansa ya shigo ya faɗa mata, don maganarsa za ta zauna inda taka ba za ta zauna ba.

Aikin kuma kada ka ajiye shi, kai ne kunnen garinku a ciki. Ka tambayi Malam Luka waɗanda ke da alhakin sake tsugunar da mutane. Mai gari da dattawa su same su, a Bungudu ko Gusau, su nemi a fara ware sabuwar maƙabarta a kan tudu tun kafin zancen gidaje. Manyan da ke zuwa da jiniya ba gaggauta aiki kaɗai ne aikinsu ba, jin kukan mutane ma nasu ne, idan sun dawo a sa musu wannan a gaba. Irin wannan gini shekaru yake ɗauka, akwai lokaci, idan ba ku zauna ba. Labarin direba kuwa, ka bar masa kayansa.

Wanda ba shi da lokaci shi ne jikin Inna. Tsohuwar da ta daina ci mara lafiya ce, ku kai ta asibiti cikin makon nan. Kada kuma a ɗauke ta zuwa Damba da ƙarfi, zai fi mata ciwo.

Sai naka na kanka. Ka cire ɗankwalin, ka durƙusa gabanta ka nemi gafara, babu dariya ko kaɗan. Kada ka yi mata alkawarin ruwa ba zai zo ba. Ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa: duk inda aka kai Malam kana cikin masu ɗaukarsa, kuma za a bar mata wuri a gefensa. Matar da ta yi shekaru tana ɓoye sunan nan ba ta furta shi don ta kore ka ba. A ganina tuna maka ta yi sunan wa kake ɗauke da shi.

Bayan haka ka sayo goro, tunda ta ce ba ka taɓa kawowa ba, ka ci gaba da zuwa neman tuwonka kullum, ko ta amsa ko ta yi shiru. Ranar da ta ɗauko muciya, kada ka gudu. Ka tsaya ta same ka.

Allah ya ba Inna Tambaya lafiya da tsawon rai, ya jiƙan Malam, ya sa sabon mazauninku ya zame muku alheri.

Hajiya Juwairiyya