Makullin Mangaza da Ranar Lahadi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masu ajiyar wake a Agiye,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Ni ne Ishaya, mai riƙe da makullin mangaza, ɗakin ajiyar wakenmu, shekara tara ke nan. Na liƙa wannan takarda a ƙofar buro, wato ofishinka, ne domin sau uku ina yi maka magana a keɓe, kowane karo kana cewa in yi haƙuri kaka ta wuce.

Na ɗaya. Ranar da na kama aiki mun shirya cewa, tunda ni Kirista ne, zan tsare mangaza ran Juma'a ku tafi masallaci, ku kuma ku bar mini Lahadi. Ban taɓa saɓa Juma'a ɗaya ba. Lahadin kuwa ta salwance tun da kamiyon Gangara, babbar motar da ke kwasar wakenmu, ya koma zuwa da safiyarta. Ana tsakiyar sujada direba ke leƙowa ta tagar majami'a, in tashi in bar matata Saratu da yara huɗu a kan benci.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni. Wani watan azumi aka ce bai kamata mai azumi ya shaƙi maganin ƙwari ba, ni da ba na azumi in riƙa sa ƙwayoyin a tsakanin buhuna. Na karɓa da zuciya ɗaya. Azumi ya wuce, aikin ya zama nawa har yau. Takardar da ke cikin kwalin maganin na karanta ta har na haddace. Ta ce a rufe ɗakin kwanaki, sannan a buɗe iska ta ratsa sosai kafin mutum ya sa ƙafa. Direba ba ya jiran iska. Ina buɗewa nake shiga, da tsumma a hanci.

Na uku. Tun damina ƙirjina ke matsewa, kaina na sarawa, hannuna na rawa in na riƙe alƙalami. Autarmu Rahila ta daina hawa cinyata, wai rigata na warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ran Talata na je likita, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya saurari ƙirjina. Sannan ya tambaye ni aikina, ya tambaye ni wa ke yin sa kafin ni. Alhaji, ka san amsar. Marigayi Malam Sani ne, wanda duk muka ce tarin sanyi ne ke damunsa.

Ina roƙon abu uku: a maido mini Lahadina, a sa wa kamiyo ranar da ta dace da takardar maganin, a kuma sayo abin rufe fuska na gaske.

Jiya Alhamis na sa magani na rufe mangaza. Jibi kamiyo zai zo. Ba zan buɗe ba, ko da hakan zai raba ni da aikin. Makulli na biyu yana aljihunka. Don girman Allah kada ka miƙa wa kowa shi ya shiga a madadina, domin duk wanda za ka aika yana da masu jiransa a gida.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuri'arka, ya ba ka ikon yin daidai kafin jibi.

Wassalam.

Ishaya, mai makullin mangaza, Agiye