Jan Ɗigon da Kika Sa a Gilashin Mita

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa tana durƙushe, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Daura lafiya lau muke. Abba yana nan, Yaya Nura yana nan, Inna ma tana can Baure da ciwon ƙafarta, yau sauƙi gobe akasin haka.

Kin san ni, Umma, baki ba ya buɗuwa a gaban mutane, sai dai in rubuta. Shi ya sa na zo wannan shafin. Masu karantawa su yi haƙuri, maganar mota ce, amma ba ta mota ba ce kawai.

An taɓa motarki.

Tun bayan rasuwarki tana ajiye a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Da Yaya Nura ya samu lasisi ya tayar da ita, sai giyar ta ƙi shiga. Malam Sabi'u bakanike ya zo ya leƙa, ya ce giyar otomatik ɗin ta mutu, kuma irin ta wannan tsohuwar mota ko an samu ba za ta yi ƙarko ba. Gara a sa mata giyar hannu, ko batir ya yi sanyi a tura ta ta tashi. Tun daga nan na fara zargi, don na ga yadda idon Yaya ya yi haske. Ke kin ce da wannan motar za ki koya min tuƙi saboda ba ta da wahala, ƙafa ɗaya ta isa. Yanzu ga shi an huda mata ciki an dasa sanda, an ƙara mata abin takawa na uku wai kuloci. Na ce a raina, ai shi ke nan, an raba ni da ita.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kin tuna ɗigon jan farcen da kika sa a gilashin mitar gudu? Ina zaune a gefenki ranar, kika buɗe kwalbar, kika ɗiga shi a hankali kina cije leɓe. Kika ce, “Duk wanda ya tuƙa ni, allurar nan ta taɓa ja, ya tsaya ya sauke ni in hau mashin.” Har Abba sai da ya bi dokar, yana dariya yana cewa a gidansa ma an kafa masa 'yan sanda.

Da aka zo maganar gyaran, Abba bai ce komai ba sai abu ɗaya. Ya ce su canza duk abin da za su canza, amma allurar nan ta ci gaba da motsi yadda kika bar ta, kuma ranar da ya ji ta taɓa ja, zai karɓi makulli, ba za a sake maganar ba. Malam Sabi'u ya so ya ce wa yake kallon mita a zamanin nan, rabin motocin tasha allurarsu a kwance take. Abba ya dube shi kawai, shi kuma ya haɗiye sauran maganar.

Ashe wata doguwar waya ce take tasowa daga jikin giyar, ta bi ta ƙarƙashi ta shiga bayan mitar, ita ce take juya allurar. Tunda an cire tsohuwar giya, dole a nema wa wayar mazauni a jikin sabuwar. Wannan ne ya riƙe su a gareji fiye da komai.

Wata rana an aike ni in kai wa Yaya abinci can. Na same su shi da Malam Sabi'u sun haɗa kai a gindin motar, Malam Sabi'u yana riƙe da wani ɗan abu a tafin hannunsa, bai fi hular kwalba ba. Suna ganina suka yi shiru. Yaya ya ce, “Ma'u, ajiye nan ki wuce.” Umma, a duk littattafan da na karanta, idan mutum biyu suka yi shiru da shigowar yarinya, to akwai magana. Na ajiye kular na fito, zuciyata tana ta saƙe-saƙe har gida.

Motar ta dawo. Allura tana motsi, Abba ya shiga ya gani da idonsa, ya shafa gilashin wajen ɗigon nan, ya fita.

Ranar Asabar muka tafi Baure kai wa Inna magani, ni da Yaya. Na zauna a mazaunina na da, na buɗe littafi. Kin san al'adata, ke ma kin sha yi min tsiya a kai, kina cewa wata rana za a sace mota da ni a ciki ban sani ba. A hannunki, babi ɗaya ne yake kai ni Zango, in gama na biyu muna shiga Baure. Kullum haka, har kina tambayata, “Mun iso ne, ko jarumar taki ba ta gama kuka ba?”

Wannan karon ina tsakiyar babi na biyu na ji an ja burki a ƙofar gidan Inna.

Na ɗaga kai na rasa gane inda nake. Duk hanyar ina satar kallon allura, ko kusa da ja ba ta je ba. Amma itatuwa sun riƙa wucewa kamar ana fizge su, mayafina yana ta bugun fuskata, kuma da muka zo wuce wani mai amalanken shanu sai da na rintse ido.

Na ce ko dai littafin ne mai dogayen babi. Asabar ta gaba na ɗauko tsohon nan mai yagaggen bango, wanda na karanta a gefenki har na kusa haddace shi. Umma, jarumar ba ta ko kai ga buɗe ƙofar nan ta ƙarshen babi na biyu ba muka iso.

Allurar tana ƙarya. Ko kuma an sa ta ƙarya.

Ban iya tambayar kowa a gida ba. Sai na tambayi Chioma, ƙawata ta makaranta, wadda babanta yake da shagon kayan mota a bakin tasha, a wurinsa aka sayi giyar. Washegari ta zo min da amsa da Hausarta da ta fi tawa gudu. Ta ce a bakin wayar akwai wani ɗan faifan roba mai haƙora, giyar tana juya shi, shi kuma yana juya wayar. Idan haƙoransa ba su dace da sabuwar giyar ba, allura za ta motsa, amma ba za ta faɗi gaskiya ba. Ta ce babanta ya gaya wa Malam Sabi'u a jira a kawo wanda ya dace daga Kano, wanda ke hannu zai shiga amma zai sa allura ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun. Na ce mata, Yaya Nura yana wurin lokacin? Ta ce, “Wallahi, Ma'u, wannan ban sani ba. Kin fiye bincike kamar matar ɗan sanda.”

Ɗan abin nan ke nan da na gani a tafin hannun Malam Sabi'u.

Kwana da kwanaki ina juya maganar. In na gaya wa Abba, kin san shi, ba ya maimaita magana. Makulli zai tafi, motar ta koma gindin dalbejiya, Inna ta koma jiran motar haya da ƙafar nan tata. In na yi shiru kuma, Asabar mai zuwa ita za mu ɗauko zuwa asibiti, a kan hanyar da awaki suke faɗowa titi ba sallama. Kuma idan Yaya bai sani ba fa? In ɗora masa abin da bai yi ba, shi da yake wanke motar nan da hannunsa, har turarenki yake fesa wa kujerun?

Kwalbar jan farcenki tana cikin akwatina, amma ta bushe ƙaf. Na sayo wata a kasuwa, na zaɓi mai kalar da ta fi kusa da taki. Da safe Yaya yana goge gilashi na je na tsaya a bayansa. Na miƙa masa kwalbar, na ce, “Yaya, littafina ba ya ƙarewa muke isa Baure.”

Abin da na iya faɗa ke nan.

Ya dube ni. Na zaci zai yi dariya, ko ya ce littattafan soyayya sun taɓa min kai. Bai yi ba. Ya karɓi kwalbar ya shiga mota, ya ɗiga sabon ja a gilashin, can ƙasa da naki. Ya ce, “Kafin na Kano ya iso. Kada ki tayar wa Abba da hankali, 'yar Umma.”

Na ji daɗi har hawaye suka zo min. Sai da na koma ɗaki wani abu ya faɗo min. Bai auna ba, Umma. Bai tambaye ni da nawa take ragewa ba, bai kira Malam Sabi'u ba, bai ko yi jim ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye wurin, kamar wanda ya daɗe da sanin inda gaskiyar allurar take.

Ban sake ce masa komai ba. Ranar Asabar mun ɗauko Inna, na buɗe mai yagaggen bangon, kuma na rufe babi na biyu daidai muna shiga gari. Inna har barci ta yi a baya. Yanzu ɗigo biyu ne a gilashin, naki a sama, nawa a ƙasa. Abba bai sake shiga motar ba tukuna. Ranar da ya shiga ya tambaya, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma na ga alama Yaya ya san haka, don jiya na ji shi a waya yana matsa wa Malam Sabi'u a kan saƙon Kano.

Ya ce in an gama zai koya min kuloci. Zan yarda in na ga ƙafata a kai.

Ina kewarki, Ummana. Kujerar direba har yanzu tana da ɗan ramin zamanki, Yaya yana cika ta amma ba ta yi masa daidai ba. Ki kwantar da hankalinki, wurin zamana bai canza ba, ido ɗaya a littafi, ɗaya a kan allura.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Ya tsare mana Yaya Nura a kan hanya, Ya tsare shi daga ƙafarsa ta dama. Ya haɗa mu a Aljanna, inda babu mai sauri.

'Yarki mai zama a gefenki,
Asma'u